Wanda Ya Riƙe Igiyar Kan Erlend Harcus

Ni nake haƙa kabari a tsibirinmu. Ni ne kuma mai gyaran katangar bakin teku idan ruwa ya rushe ta, ni ne mai cike ramukan hanya, amma da kabarin aka fi sanina. Sunana Dod. Ba na son dogon zance, kuma ba don Erlend Harcus ba da ban zauna rubuta komai ba. Mutumin ya yi shekaru yana damuna da tambayoyi. Yanzu da ya yi shiru, sai maƙabartar ta yi mini faɗi.

A nan Orkney, tsibiran arewacin Scotland, da igiyoyi takwas muke saukar da akwatin mamaci, kowace da mai riƙe ta. Ta wajen kai ta wanda ya fi kusa da mamacin a jini ce, ta ƙafa ta mai bi masa, sauran a raba wa dangi. Kafinta Alfie Seatter, wanda yake haɗa akwatunan, shi yake kiran sunaye a bakin rami. Idan dangi ba su cika ba sai ya waiga ya nemi ciko, kuma cikon nan kusan kullum Erlend ne. Yana da baƙar kwat guda ɗaya, ba ya fashin jana'iza, hannunsa ba ya rawa. Ya riƙe igiyar rabin mutanen da ke kwance a maƙabartarmu, amma bai taɓa riƙe ta kai ba.

Uwarsa ta rasu yana goye. Ubansa teku ya ɗauke shi, ba a ga gawa ba, balle a yi zancen igiya. Yayarsa ɗaya ta yi aure a wata ƙasa mai nisa, ta mutu can ba ta haihu ba. Shi kuma bai yi aure ba. Ya ce ya tsaya tunanin wadda zai tambaya ne har aka aure su duka. Ya zauna a gonar ubansa ta bakin gaɓa da 'yan tumakinsa masu cin ciyawar teku, da ƙaramin kwalekwalen da yake zuba tarkon ƙaguwa da shi.

Ban taɓa ganin mai son sanin abu irinsa ba. Idan ya kama kifi sai ya farke cikinsa ya ga abin da ya ci. Idan ina haƙa sai ya zo ya tsaya a kaina.

"Dod, me ya sa ƙasar nan ta fi ta wancan gefen ja?"

"Ban sani ba, Baba Erlend. Matsa, kana turo mini ƙasa."

"To wa zai sani in ba kai ba? Kai kake shiga cikinta."

Wata rana bayan mun binne wata tsohuwa, kowa ya watse, ya tsaya yana kallona ina mayar da ƙasa.

"Dod, ni wa zai riƙe mini ta kai?"

"Ka mutu tukuna mu gani."

"Da gaske nake. Duka takwas ɗin ciko za a yi mini. Alfie zai yi ta waige-waige kamar mai neman akuyar da ta ɓata."

Na ci gaba da shebur.

Maƙwabciyarsa Netta Drever ce. Daga Glasgow ta zo aikin jinya tana budurwa, ta auri ɗan tsibirin, ya mutu, ta ƙi komawa. Ta fi shekara arba'in a nan, amma Erlend bai daina ce mata Baƙuwa ba. Tumakinsa kan tsallake katangarta su cinye mata kabeji. Sai ka jiyo muryarta daga bakin hanya tana cewa, "Erlend, tsohon banza, zo ka kwashe 'ya'yanka kafin in dafa su!" Da yamma kuma sai ka gan ta da tukunyar romo a hannu tana tsallake katangar nan da kanta, tana tafe tana mita.

A hunturun da nake ba da labari, iska ta kwana biyu tana dukan gaɓa, ruwa ya yanke wani yanki na gonar Erlend ya tafi da shi. Da gari ya lafa sai ga shi a ƙofata, hular kansa a jiƙe.

"Zo ka duba mini wani ƙashi. Na ce na tunkiya ne, amma tunkiyar ta yi tsawo."

Na je na duba. Ƙashin cinyar mutum ne ya leƙo daga jikin gaɓa. A gefensa akwai ƙusoshi masu tsatsa, a jere, sun lanƙwasa yadda cikin jirgin ruwa yake lanƙwasa. Katakon ya ruɓe tuntuni, ƙusoshin ne kawai suka tsaya inda aka buga su. Muka tara buhunan yashi muka tare wurin kafin ruwa ya sake cikowa, Netta ta buga waya Kirkwall, babban garin tsibiran nan.

Masu tonon tarihi suka iso a jirgin fito, shugabarsu wata Dakta Ailsa, 'yar siririya mai jure sanyi. Na yaba aikinsu. Ramin da zan gama kafin azahar su sai su yi mako a kansa da ɗan cokali da buroshi, amma ba su yin ha'inci. Erlend ya tare a wurin. Yana kawo musu shayi da burodin sha'ir da dafaffiyar ƙaguwa, yana karɓar ladansa da tambayoyi. Suka tono mutum guda, namiji, kwance a tsakiyar kwalekwale, da takobi a gefensa da matajin kai na ƙaho a ƙirjinsa. Dakta ta ce binnewar 'yan Viking ce, mutanen Norway da suka zo da jiragensu suka zauna a tsibiran nan fiye da shekara dubu da suka wuce.

"Ashe da mataji ake tafiya lahira," in ji Erlend. "Ke 'yata, ya za a yi a san ko waye?"

Ta nuna masa bayan kunnenta. Ta ce akwai wani ƙashi mai tauri a nan ciki, da shi da haƙori, sukan adana DNA, wato ƙwayoyin gadon jini, ko an shekara dubu. Za a ɗebi ɗan gari daga ciki a karanta. Ta ce masu rai kuma yawu kawai suke tofawa a 'yar kwalba su aika ta gidan waya, a gaya musu inda kakanninsu suka fito da waɗanda suka haɗa jini da su.

Na ga fuskar Erlend ta canza. Da muka juya gida ya kama hannun rigata.

"Ka ji? A gonata yake kwance. Kakana ne, Dod. In kuwa kakana ne, duk wanda ya fito daga jikinsa ɗan'uwana ne, kwalbar nan za ta nemo mini su."

"Kana neman mai riƙe igiya a cikin kwalba?"

"Na nema a waje ban samu ba."

Netta ce ta yi masa odar kwalbar, don shi ko waya mai madannai da ƙyar yake latsawa. Ita ta tsaya a kansa har ya cika ta zuwa layin da aka zana. Ta ce mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ranar da aka nemi yawunsa sai ya ƙafe.

Sakamako ya zo da bazara. Wani kaso Norway, wani kaso Scotland, kamar dai kowa a nan. Erlend bai ko kalli wannan ba. Sunayen dangi yake so, sai Netta ta yi ta karanto masa daga kwamfutarta. Suna da yawa, amma duk na nesa ne, irin waɗanda sai an koma kakan kakan kaka kafin a haɗu. Sai ya ce ai matsalar ita ce mutanen tsibirin ba su tofa ba. Ya sa aka kawo kwalabe cikin kwali, ya ɗaura a bayan kekensa, ya shiga gida-gida.

Abin ya zama abin dariyar shekara. Mutum yana tatsar saniya, sai ga Erlend a bayansa da kwalba. Ya tare fasto a ƙofar coci. Ya tare ni a cikin rami, na ce ba zan tofa ba, ya ce ba zai matsa ba, na tofa don in samu in gama aiki. Netta ma ya sa ta, wai don a ga ko na'urar tana gane baƙi.

Da sakamakon ya dawo sai ya zamana kusan duk tsibirin danginsa ne, kaɗan-kaɗan. Ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna auren juna a wurin da za ka zagaye da ƙafa a yini guda. Ni ma na fito. Alfie kafinta ya ɗan fi kowa kusanci da shi a nan. Mutum ɗaya ce ba ta haɗa komai da shi ba.

"Na gaya miki, Baƙuwa," in ji shi yana dariya har da tari. "Ko ɗigo babu."

"Na gode wa Allah," in ji Netta. "Da na kwana ina kuka."

Tun daga ranar kowa ya zama "ɗan'uwa" a bakinsa. Amma bai gamsu ba. Igiyar kai ta mafi kusa ce, kuma mafi kusa a jerin nan ba Alfie ba ne. Wani ne Gord a Kanada, jikan wani Harcus da ya tafi aikin fatu can tun zamanin da, bai dawo ba. Netta ta haɗa su ta kwamfuta, fuska da fuska. Ina wurin, na je gyara mata magudanar ruwa. Erlend ya sa baƙar kwat ɗinsa.

Gord mutumin kirki ne, ƙato, mai jan gemu. A bangon bayansa ya rataye gatari da garkuwa. Ya yi ta murna wai ya samu ɗan'uwa Viking na gaske, yana tambaya ko an ba Erlend takobin ya riƙe. Erlend ya bari ya gama, ya gyara zama.

"To ɗan'uwa, tun da kai ne mafi kusa, ta kai taka ce. Idan lokaci ya yi Netta za ta buga maka waya. Jirgin fito ba ya zuwa kullum, ka taho da wuri."

Gord ya yi murmushi ya ce madalla, abin sha'awa, wace igiya ke nan? Netta ta yi masa bayani. Murmushin bai tafi ba, amma ya daskare. Ya ce ai Erlend zai daɗe, ya ce zai duba, ya ce tafiyar da nisa amma wa ya sani. Da aka kashe kwamfutar Erlend ya juyo yana walwala.

"Kun ji? Zai zo."

Ni da Netta muka kalli juna. A nan idan aka ce wa mutum igiya tasa ce, ko a gadon asibiti yake sai ya taso. Erlend bai taɓa tunanin akwai inda jini yake zama labarin hira kawai ba. Bayan wata guda wani ƙunshi ya zo daga Kanada. Hula ce ta roba mai ƙaho biyu, irin wadda ake cewa ta 'yan Viking ce. Ya jujjuya ta a hannu, ya leƙa cikinta.

"Me ake yi da ita?"

"Sawa ake yi," in ji Netta.

"A jana'iza?"

Ya ajiye ta a kan taga, bai sake zancen Gord ba.

Da kaka Dakta Ailsa ta dawo da labarin mutumin jirgin. Ba ta aiko a rubuce ba, ta zo da kanta har gidan Erlend, na ga girmanta a kan wannan. Ya aika aka kira ni. Ta ce akwai abin da ɗa yake gada daga uba, shi ma ya ba ɗansa, ba ya canzawa sosai ko an daɗe. Sun gwada na mutumin da na Erlend, ba layi ɗaya ba ne. Ta ce ta wasu hanyoyin kuwa, mutumin da ya rayu da nisa haka, in dai zuriyarsa ta ɗore, to kakan kowa ne a tsibirin nan, in ba ta ɗore ba ba kakan kowa ba ne.

Erlend ya sunkuyar da kai. Na ɗauka shi ke nan.

"Akwai kuma wani abu, Baba," in ji ta. "Ba mu ga jinin Norway a jikinsa ba. Ɗan asalin tsibiran nan ne, daga mutanen da 'yan Viking suka tarar."

Ya ɗago a hankali. Na san wannan kallon, shi ne kallon da yake wa cikin kifi.

"Tsaya. Ba ɗansu ba ne?"

"A jini dai, a'a."

"To wa ya sa shi a jirgi?"

"Ba mu sani ba. Mutanen da suke binnewa irin ta Norway. Ko ya yi aure a cikinsu, ko ya tashi a hannunsu, ko ya yi yaƙi tare da su. Ƙashi ba ya faɗin wannan."

"Nan ko itacen da za ka rataye kwat babu," in ji Erlend. "Katakon jirgin nan daga hayin teku aka kawo shi. Jirgi a nan shi ne abincinka, shi ne hanyarka. Ki ce mini mutane sun ɗauki jirgi sukutum sun sa a ƙasa saboda wanda ba jininsu ba?"

"Haka ya nuna."

Ya juyo gare ni. "Dod, kai ka ga ramin. Aikin mutum nawa ne?"

Na ce ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ba na rana ɗaya ba, musamman da irin kayan aikinsu. Na ce abin da na lura shi ne duwatsun da suka jera a ƙasan jirgin don kada ya karkata. Sun zauna daidai, a wurin da ba wanda zai sake gani. Dakta ta ce su ma sun auna su, sun yi mamaki. Mai haƙa don a biya shi ya tafi ba ya yin haka. Ni na sani, don akwai ranakun da nake gajiya.

Erlend ya yi ta tambaya har shayi ya huce. Me ya ci? Ta ce ƙashinsa ya nuna kifi da yawa. Shekarunsa nawa? Dattijo ne. Me ya kashe shi? Ba a sani ba. Da ta tashi tafiya ya raka ta har bakin hanya yana tambayar ko za a iya gane dajin da aka saro katakon daga ɗan abin da ya manne a jikin ƙusa. Ta ce za su gwada.

Hunturun da ya biyo ƙirjinsa ya kama. Ya ƙi zuwa asibitin Kirkwall, ya ce ba a ganin gaɓa daga can. Netta ce ta yi jinyarsa. Ita take juya shi, ita take ba shi magani, ita take ba tumakin nan da ta tsana abinci. Na je duba shi wata safiya, ya rame, amma idon na nan.

"Dod, in an sa ni a kwalekwalena, kwana nawa za ka yi kana haƙa?"

"Ba zan haƙa ba. Bayana ya ƙare."

"Rago." Ya yi tari. "To ji nan. Ta kai, Netta."

Tana bakin murhu, ta juyo da ludayi a hannu. "Ka haukace? Ni da ko ɗigo babu? Kai da bakinka ka faɗa wa duk garin."

"Na faɗa."

"Ga Alfie can, ɗan'uwanka na kwalba. Ni kafaɗata ma ciwo take."

"Ba nauyi, Baƙuwa. Tambayi Dod."

Gaskiya ya faɗa. Igiyoyin nan sirara ne, masu tuntu a baki. Nauyin akwatin yana kan ɗamara biyu masu faɗi da ni da abokin aikina muke riƙewa. Na gaya mata haka. Ta ce ba ruwanta, ta juya ga tukunyarta, ta daɗe tana motsa romon da ba ya buƙatar motsi.

Ya rasu kafin tumaki su fara haihuwa. Netta ta buga wa Gord waya kamar yadda aka yi alkawari, ya aiko da furanni masu kyau.

Ranar jana'iza mutane suka cika maƙabarta. Tun da ya mai da kowa ɗan'uwa, kowa ya zo da shirin riƙe igiya, har da waɗanda ba su taɓa shiga gidansa ba. Alfie ya ja ni gefe. Ba mugun mutum ba ne, al'ada ce a ransa. Ya ce a zamanin ubansa mata ko bakin kabari ba sa zuwa. Ya ce bai taɓa ba wanda ba dangi ba ta kai ba, kuma tun da na Kanada bai zo ba, gwajin ya nuna shi ne mafi kusa.

Na ce, "Alfie, yaushe rabonka da gidansa kafin ka je auna gawarsa?"

Ya kau da kai, na ƙara masa.

"Ya faɗa a gabana. In ba ka kira ta ba, ba zan ɗaga ɗamara ba. Sai ku saukar da shi da tuntu."

Ya kalle ni, ya san ba na faɗin abin da ba zan yi ba. Ya koma bakin rami ya gyara murya.

"Ta kai, Netta Drever."

Tana can baya da gyalenta. Ban san ko za ta fito ba, don ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Sai ga ta tana ratsowa, mutane suna matsa mata. Ta karɓi igiyar ta naɗe a hannunta sau biyu, kamar wadda aka ce ita kaɗai za ta ɗauke shi. Alfie ya riƙe ta ƙafa. Sauran shidan sai da aka zaɓa, don masu so sun yi yawa. Ba a nemi ciko ba.

Muka saukar da shi. Idan akwati ya zauna, kowa yakan saki igiyarsa ta faɗa a kan murfi. Bakwai suka faɗa. Netta tana riƙe da tata, tana kallon ƙasa. Fasto ya dube ni, na yi kamar ban gani ba. Bayana yana ciwo, amma na tsaya.

Can ta ce, a hankali, amma na kusa sun ji, "Tumakinka suna cikin kabejina yanzu haka, tsohon banza."

Sannan ta warware igiyar daga hannunta ta sake ta.

Na jera masa ƙasar a hankali, ja a ƙasa, baƙa a sama, yadda ta fito. A ranar ban san abin da ya sa ta wannan gefen ta fi ja ba. Na tambayi Dakta Ailsa da ta dawo rufe ramin gaɓa, ta ce ƙarfe ne a cikin dutsen. Zancen katakon kuma ta ce ba su gama ba tukuna. Na ce in sun gama ta gaya wa Netta, ita take karɓar saƙonsa.